Injiniya Almu da Ruwan Zartsi

Duk wanda ya ce maka Almu ya yi karatun injiniya, tambaye shi a wace makaranta. Ni tela ne, shekara goma sha ɗaya shagona yana kallon ƙofar gidansa a nan Faskari, kuma abin da na sani shi ne wata huɗu ya yi a Funtuwa yana bin motar masu haƙa burtsatse. Aikinsa riƙe tiyo da kwashe laka. Da ya dawo sai ga shi da hular kwano ruwan ɗorawa, wadda har yau ba mu san inda ya tsinto ta ba, ya ce daga yanzu Injiniya za a riƙa ce masa. Muka ce to, ai ba wahala.

Unguwarmu rijiya ɗaya ce mai ruwan daɗi, ta gidan Baba Ɗanhausa, wanda yake jikin shagona, tsallaken titi daga gidan Almu. Dattijo ne Kirista, iyayensa daga wajen Yargoje suka taso, mahaifinsa ne ya haƙa rijiyar tun unguwar tana gonaki. Burtsatsen bakin masallaci ya mutu shekara uku ke nan. Rafi kuwa, tun da daji ya lalace ba mai tura iyalinsa can. Saboda haka kowa a gidan Baba yake ɗiba, har 'yan garuwa, kuma bai taɓa hana kowa ba. Doka ɗaya ya kafa: gugansa ne kaɗai ke shiga rijiyar.

Wata safiya a ƙarshen damina Almu ya shiga da hularsa, ya ratsa layin mata, ya fito da nasa gugan na tsohon tuf ɗin tayar mota, baƙin mai yana naso a jikinsa.

Baba Ɗanhausa ya ce, "Almu, aje wanga guga. Ga na rijiya nan rataye."

"Ɗanhausa, ni za ka koya ma ruwa?"

Haka ya kira shi, gatsal, ba Baba ba komai, mutumin da ya haife shi ya yi jika da shi. Mata suka ɗauki salati. Ni da nake jiyowa ta kan katanga sai da na taka keken ɗinki a banza don haushi.

Baba ya ce, "Ba ni koya maka komi. Mai ne dai ba ya shiga rijiyar da mutane ke sha."

"Rijiya! Wanga ramin kwaɗi? Ni da na huda dutse ƙafa ɗari uku a Funtuwa? To ku shaida, a gidana zan haƙa wadda ta hi ta. Kuma wallahi in ruwan rijiyar ga ya ƙara shiga gidana, ko ɗigo guda, Barakatu ta saku!"

Kowa a wurin ya san halin da ake ciki. Barakatu matarsa ce, 'yar Sabuwa, shekararsu tara, mace mai haƙuri da kaifin baki a lokaci guda. Igiyar aurensu ɗaya ta rage. Ta farko ya tsinka ta don miya ta yi gishiri, ta biyu don ta yi dariya ranar da akuya ta kayar da shi a gaban baƙi. Duk sau biyun shi ne ya bi ta Sabuwa yana kuka wiwi a zauren mahaifinta. Abin takaicin ke nan: yana son ta kamar ransa, bakinsa ne ba shi da birki.

Kafin azahar magana ta kai kunnen limaminmu, Malam Abdulgafar. Ya kira Almu nan gindin darbejiyar ƙofar shagona ya ce, "Magana ta hita, ba ta komawa. Ranar da ruwan nan ya ƙetare dokin ƙofarka, aure ya ƙare, kuma ka san babu kome."

Almu ya gyara hula ya ce, "Allah gafarta Malam, ai ba ya shiga. Mako uku, ku za ku riƙa layi a gidana."

Baba Ɗanhausa, da yake shi ba mai riƙo ba ne, ya tako har wurin ya ce, "Ɗana, tsallakenku zartsi ne. Babana ya haƙa nan sau biyu kahin ya tsallako wanga ɓangare."

"Shi da hannu ya haƙa. Ni da ilimi zan haƙa."

Ilimin kuwa mun gan shi. Ya kwanta rubda ciki a tsakar gida, ya kafa bututun ƙarfe a ƙasa ya ɗora kunne, wai yana sauraron jijiyar ruwa. Inda ya ce ya ji tana bugawa, nan aka sa diga. Barakatu ta riƙa lallaɓa ruwan saman da ta tara a duro har aka yi mako uku. A gaba tara ruwa ya ɓullo, garai-garai, sai ka ce na kwalba. Almu ya yanka zakara, ya fito titi da moɗa yana ba masu wucewa.

Na kurɓa. Wani ɗanɗano ya kama min harshe, ba gishiri sosai ba, ba ɗaci sosai ba, abu dai mai nauyi da ke zama a maƙogwaro.

Ya ce, "Ya ka ji?"

Na ce, "Na ji."

"Sinadari ke nan. Ruwa mai ƙarhi. A ƙasar waje sai mai hali ke shan irinshi."

Sana'ar Barakatu garau-garau ce, shinkafa da wake da mai da yaji, kuma a unguwar nan ba wanda ya kama ƙafarta. A kanta ruwan ya fara nuna hali. Ta ɗora wake tun hantsi, har aka kira azahar yana nan kamar tsakuwa. Ta jefa kanwa, ta ƙara, ta ƙara, sai da waken ya yi baƙi ya yi ɗaci, cikinsa kuma yana nan da ransa. Wani ɗan acaba ya tauna ya dafe kunci, ya ce ya zo cin abinci ne ba fasa dutse ba. Cikin kwana biyar masu saye suka watse.

Sabulu kuma ya ce bai san zancen ba. A goga, a goga, ba kumfa, sai wata dauɗa mai ruwan toka ta taso ta manne a bakin baho. Sabulun da kan yi mako, kwana biyu ya ƙare. Farar rigar Almu ta Juma'a, wadda ni na ɗinka ta da hannuna, ta fito daga wanki ta yi duhu ta sandare, in yana tafiya kana jin tana ƙarar takarda. Butar shayi ta yi farin ɓawo a ciki har bakinta ya toshe. Shayin kansa wata irin fata yake yi a sama. Shi Almu jikinsa ya yi furu-furu kamar ya kwana a injin niƙa, yana magana yana susa, yana susa yana bayani.

"Tsohuwar fata ce ke hita," in ji shi. "Ruwan yana aiki."

Ranar da abin ya ishi Barakatu ita ce ranar da ta taje kai ta ga rabin gashin a jikin mataji. Da yamma ta fito zaure da hijabinta, ta dire bokiti fanko a bakin ƙofa. Almu yana zaune a kan benci a waje. Ni kuma na rage gudun keke, don ba zan ɓoye ba, ina son jin irin wannan.

"Injiniya, ka ga bokitin ga?"

"Na gani. Mi ya yi?"

"Taku ashirin in tsallaka, taku ashirin in dawo da shi cike. Daga nan sai tashar Sabuwa."

Almu ya miƙe zumbur. "Haba Barakatu! Ke ko tausai babu?"

"Tausai? Kai da ka ɗauki aurena ka rataya a bakin guga? Sana'ata ta mutu, kaina ya zama na angulu, hannuna ya tsattsage. Ko 'yan garuwa ba ni iya kira, duk can suke ɗiba."

"Gyara kaɗan ruwan ke so."

"To gyara. Na ba ka zuwa ƙarshen wata. In wake bai nuna ba, in sabulu bai yi kumfa ba, ni da kaina zan ɗebo."

Ta bar bokitin a nan. Kullum in zai fita sai ya ratse shi kamar mai ratse maciji.

Gyaran farko, sukari. Ya zo shagona ya tsaya yana min darasi. "Kai tela ne, ba ka gane kimiyya. Mi ke maganin ɗaci?"

Na ce, "Haƙuri."

"Zaƙi!"

Ya juye rabin buhun sukari a rijiya, ya sa gora yana juyawa kamar mai dama kunu. Ruwan ya koma wani abu da ba shi da suna, sabulu dai bai canza ra'ayi ba. Kwana biyu ƙudaje suka sauka, a na uku zuma suka biyo baya, rundunar da ban taɓa ganin irinta ba a garin nan. Almu ya leƙa da hularsa zai duba sakamako, suka shiga ƙarƙashin hular. Ya fito titi a guje yana marin kansa. Da yamma leɓensa na sama ya rufe masa hanci, amma da shi ya ce mana zuma ba ta sauka sai a kan ruwa mai kyau.

Gyara na biyu ya fi tsada. Ya hau mota zuwa Ƙanƙara ya sayo alif da kanwa, kwano-kwano, ya zazzaga. Kashegari ya hau babur zuwa Sabuwa, a kan wannan hanya da ke kwance wa mutum haƙora, ya dawo da tarwaɗa uku a jarka, wai wani masunci ya tabbatar masa su za su lashe zartsin tas. Bai ko biya gidan surukansa ba, don kar a tambaye shi lafiyar 'yarsu.

Inna Tabita, matar Baba Ɗanhausa, ta gan shi yana sauke jarkar. Ta ce, "Almu, kihi cikin kanwa? Miya za ka yi?"

"Inna, wannan harka ce ta masana."

"To Allah ya ji ƙan kihin."

Addu'arta ta riga su. Kwana biyu wari ya cika unguwa, har masu kawo min ɗinki suna tsayawa daga nesa suna miƙo yadi. Dole sai an shiga an kwaso gawar. Maginan rijiya suka ce ko an ba su sa ba za su shiga ba. Almu ya ɗaura igiya a ƙugu, mu huɗu muka riƙe, ya sauka yana ba mu umarni da Turancin da ya tsinto a Funtuwa. Da muka jawo shi igiyar ta zame daga ƙugu ta kama wando. Shi ya riƙe bakin rijiya ya fito da tarwaɗa biyu a cikin riga, wandon kuma ya fito daban. Barakatu ta juya baya, kafaɗunta suna rawa. Ba ta bari ya ji ba, ta san abin da dariya ta taɓa jawo mata.

Saura kwana shida wata ya ƙare. A nan ne na ga Almu ya tsorata da gaske. Ya zo ya zauna a bencina yana kallon bokitin nan. Har tausayinsa ya kama ni. Na ce, "Ka je ka ba Baba haƙuri mana, ko shawara ya ba ka. Ya san ƙasar nan."

Da ban yi magana ba. Ya zabura ya ce, "Ni? In je wajen mai ramin kwaɗi? Inji zan ƙera!"

Kwana biyar ana ƙwanƙwasa a gidan. Ya kafa azara huɗu a gefen rijiya ya yi dandamali hawa uku, ya ɗora duro uku, wani bisa wani, tiyo ya haɗa su. Na sama yashi da gawayi. Na tsakiya toka da kanwa. Na ƙasa kuwa ya ce sirrin sana'a ne, amma mai shagon kusa da ni ya gaya min Almu ya kwashe masa garin sabulu kaf. A bakin kowane duro ya ɗaure buhu ninki biyu don tacewa. Ya bi gida-gida yana gayyata: ranar Asabar da hantsi za a buɗe injin, kowa ya zo ya ga kumfa.

Muka je, har da waɗanda ba a gayyata ba. Ya ce yau an ɗage dokar ba-shiga, maza su shigo har tsakar gida. Aka shimfiɗa wa Malam Abdulgafar tabarma a gaba. Barakatu tana tsaye a ƙofar madafa ta harɗe hannu. Baba Ɗanhausa da Inna Tabita ba su shigo ba, suna ƙofar gidansu suna kallo ta cikin zaure.

Almu ya yi jawabi mai tsawo. Ya ce daga Faskari injin zai tafi Ƙanƙara, daga nan Sabuwa, daga nan sai inda Allah ya kai shi. Ya ce waɗanda suka yi masa dariya ya yafe musu, don jahilci ba laifinsu ba ne. Sannan ya tuɓe riga, ya cire hula ya miƙa min in riƙe, ya durƙusa a ƙarƙashin famfon duron ƙasa.

"Allah gafarta Malam, a sa albarka."

Malam ya ce, "Allah ya sa mu ga alheri."

Ya murɗa famfo. Gaskiya kumfa ta zo. Ta zo har ta yi yawa. Ya cuɗa kai, ya cuɗa gemu, ya cuɗa fuska, kumfa ta hau ta rufe shi har kunnuwa, sai muryarsa ke fitowa daga ciki.

"Kun gani? Barakatu, kin gani? Ina masu cewa..."

Sai ya yi atishawa. Malam ma ya yi, na kusa da shi ya yi, ni ma na ji hancina yana yaji.

Barakatu ta ce, "Injiniya, buhunan ga da ka ɗaure, ina ka ɗauke su?"

"Bayan madafa. Mi... wayyo!"

"Na barkonon yajina ne."

Ihun da Almu ya kurma, sai da awakin maƙwabta suka amsa. Toka da kanwa da garin sabulu da barkono, duk sun haɗu a idon mutum ɗaya. Ya miƙe yana tsalle yana kiran ruwa. Wani ya zura guga a rijiyarsa ya kwara masa. Ruwan zartsi ya gamu da sabulu, kumfar ta kwanta ta zama wata dauɗa mai yauƙi ta manne masa a fuska da gemu, ga warin tarwaɗa ta ukun da ba a samu ba. Aka ƙara guga, abin ya ƙara kamawa. Ya yi baya a makance ya rungumi azara. Dandamalin ya yi ƙara, ya karkata, duro uku suka sauko bi da bi. Malam Abdulgafar, mutumin da ban taɓa ganin ya yi sauri ba ko ana ruwa, ya tsallake tabarma ya bar takalmi. Tsakar gida ta zama tafkin kumfa da toka, mutane suna zamewa suna tari suna zagin Almu da kakanninsa.

Shi kuwa yana birgima yana cewa, "Idona! Ku taimake ni, zan makance! Ruwa! Ruwan kirki!"

Inna Tabita ba ta tsaya tunani ba. Ta zari bokitin nan na bakin ƙofa, ta tsallaka, ta cika shi a rijiyarsu, ta taho da gudu irin na tsofaffi ruwa yana tangaɗi. "Ga ruwa, ɗana! Ga ruwa!"

Barakatu ta riga kowa zuwa zaure. A daidai dokin ƙofa suka haɗu. Ta miƙa hannu waje ta karɓi bokitin, ta tsaya, ƙafafunta a ciki, bokitin a waje.

Duk tarin da ake yi ya tsaya. Kowa ya gane abin da ke hannunta. Ta jawo shi taki ɗaya, shi ke nan, ba wanda zai ce ta yi laifi, mijinta ne ke ihun a kawo ruwa a gaban liman da shaidu talatin. Na dubi hannuwanta da suka tsattsage, na ce a raina wallahi in ta shigo da shi ban ga laifinta ba.

Almu ya ji muryar Inna Tabita, ya ji shirun da ya biyo baya. Ya daina birgima.

"Ruwan wa ne? Barakatu! Ruwan wa ne?"

"Na ramin kwaɗi."

"Kar ki shigo da shi! Dan Allah kar ki shigo da shi!"

"Ka ce za ka makance."

"In makance! Na yarda in makance! Barakatu, dan girman Allah, kar ki shigo da shi!"

Yana faɗa yana kuka, hawaye da majina da kumfa, ƙato da shi a durƙushe cikin toka. Ban san lokacin da dariyata ta tsaya ba. Barakatu ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta sa ƙafa waje, ta taka har tsakiyar titi ta dire bokitin.

"To hito. Ruwa ba ya zuwa wajenka, kai za ka zo wajenshi."

Ya fito da rarrafe, yana lalube, ya bugi bangon zaure sau biyu. Titi ya cika maƙil, har masu babura sun kashe inji. Bokiti ɗaya bai yi komai ba, sai da aka ja shi har bakin rijiyar da ya zaga. Baba Ɗanhausa ya naɗe hannun riga, ya zura gugansa, ya riƙa kwara masa a hankali yana buɗe masa ido da yatsa. A guga na uku sauran sabulun da ke gemunsa ya tashi da kumfa fara sol, irin wadda ya yi wata guda yana nema.

Almu ya ce, "Baba, ka yafe man. Baba, na yi..."

"Rufe baki, ruwa na shiga."

Guga goma sha biyu aka yi. Ya buɗe ido jajir, ya ga duniya, ya ga mutanen da suka cika gidan suna kallonsa, ya sunkuyar da kai ya nufi gida yana ɗiga. Yana kai wa dokin ƙofa ya tarar da Barakatu ta tare hanya da hannu biyu.

"Ina za ka?"

"Ciki mana. In sa riga."

"Ruwan wa ke jikinka?"

Almu ya dubi wandonsa da ke zuba, ya dubi gemunsa da ke ɗiga a ƙirji. Ya ja da baya da sauri har ya kusa faɗuwa.

"Ko ɗigo guda ka ce," in ji ta. "Ban bar shi a titi ba don kai ka shigo man da shi a wando."

Ya juya wajen liman, wanda ke tsaye ba takalmi yana goge ido da gefen rawani. "Allah gafarta Malam, wanda ke jikin mutum ma ana lissafawa?"

Malam ya ce, "Ni dai da ni ne, da na bushe."

Haka Almu ya koma tsakiyar titi ya tsaya a rana, ya ware hannu ya ware ƙafa. Masu wucewa suna tambaya, ana ba su labari tun daga farko, wasu har da ƙari. Wani ya ce ya juya baya, can ya fi jiƙa, ya kuwa juya. Barakatu ta ɗauko kujera 'yar tsugune ta zauna a inuwar zaure, daga nan take karanta masa sharuɗɗa: daga gobe girkinta da wankinta a gidan Inna Tabita, shi zai riƙa kai tukwane yana dawo da su a bushe, rijiyarsa kuma a rufe ta kafin ta kashe wani. Kowanne ta faɗa sai ya ce to.

Da aka kira azahar ya matso a hankali ya tsaya a bakin ƙofa. Ta tashi ta taɓa wandon, ta taɓa gashin kansa. Sannan ta sa yatsu cikin gemunsa ta matsa, ta duba hannunta.

"Da saura," ta ce.

Almu ya koma rana.